Yatsuna ba sa kuskure, amma kiɗan ba ya taɓa zuciya

Tambaya: Ina koyon fiyano a gida bayan na taso daga aiki. Yanzu ina kaɗa wani kiɗa mai taushi na Chopin, wato Nocturne lamba 2 cikin jerin Op. 9, babu kuskure, amma masu saurare kan ce kamar inji ne ke bugawa. Yaya zan yi kiɗan ya samu rai?

Amsa: Ɗan'uwa, fara da sanin halin abin kiɗan. Idan ka danna maɓalli, wata 'yar guduma ce ke dukan waya ta koma, daga nan sauti sai raguwa. Mai goge na iya ƙara wa sauti ƙarfi yana tsaka da jan sa, kai ba ka da wannan dama. Abin da ke hannunka shi ne saurin saukar yatsa, lokacin saukarsa da ɗagawarsa, sai feda, wato abin da ake takawa da ƙafa don sauti ya daɗe.

Shi ya sa Chopin, mai tsara kiɗa ɗan Poland wanda ya fitar da wannan kiɗa a 1832, yake tura ɗalibansa na Paris su saurari mawaƙan opera na Italiya, wato wasan kwaikwayo da ake yi da waƙa, don su koyi sa fiyano ya yi kamar murya. Kai ma rera layin hannun dama da bakinka kafin ka taɓa fiyano. Inda numfashi ya yanke, sa alama da fensir a takardar kiɗan. Inda murya ta hau da kanta, can jimlar kiɗan ta dosa, kuma wuri ɗaya ya ishe ta.

Dubi farkon kiɗan. Hannun dama na tsallakawa sama zuwa sautin G, ya daɗe a kai. Kasa kunne ka ji yadda G ɗin ke dusashewa, sannan ka shigo da sautin F da ke biye daidai da ƙarfin da ya rage. In ka buge shi da ƙarfin farko, layin ya tsinke. A ganina nan ne masu koyo a gida suka fi tafka asara, don hankalinsu ya riga ya tafi sauti na gaba.

Hannun hagu kuwa, sassauta shi sosai. Sauti mai kauri na ƙasa ya fito, dunƙule biyun da ke biye da shi (sautukan da ake bugawa tare) su zama raɗa. Shi ne kuma mai riƙe lokaci, kamar yadda Chopin ya koyar, hannun dama ya ɗan yi jinkiri ko gaggawa a kansa. Saki feda ka sake takawa duk sanda sautin ƙasa ya sauya, kada su cakuɗe.

Naɗi sautin layi biyu kacal da wayarka, ka saurara washegari da takardar a gabanka, ka duba ko alamomin fensir ɗinka sun fito a kunne.