Ɗana na son kallon jiragen sama: ina za mu tsaya, kuma yaya za mu shirya tafiya Yamai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da yaro ɗan shekara 12, da ya ji ƙarar jirgi sai ya fito tsakar gida yana ɗaga kai. Ina so in kai shi filin jirgin Maraɗi ya kalla da kyau, kuma idan Allah ya hore, mu hau jirgi zuwa Yamai lokacin hutu. Me ya kamata in sani? Daga wani mai karatu a unguwar Bagalam, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya yaron. Wannan sha'awa abin a riƙa ce, domin a Yamai akwai makarantar EAMAC ta ASECNA, hukumar da ke kula da zirga-zirgar jirage a sararin samaniyar wasu ƙasashen Afirka, inda ake horar da masu ba jirage hanya da masana yanayi daga ƙasashen Afirka da dama.

Abu na farko, kuma shi ya fi komai nauyi: a Nijar filin jirgi wurin tsaro ne. Kada ku je ku tsaya jikin shinge, kada ku ɗaga salula don hoto ko bidiyo. Wanda ya yi haka yana iya rasa wayarsa, ya kuma wuni yana amsa tambayoyi. Ka shiga ta ƙofa da katinka na ɗan ƙasa, ka gaida jandarmomi ko ƴan sandan da ke gadi, ka faɗa musu abin da ya kawo ka. In sun nuna muku wuri ku tsaya nan, in sun ce a'a ku juya. A Yamai abin ya fi tsanani, don filin Diori Hamani haɗe yake da sansanin sojan sama. Ka kuma ja wa yaron kunne game da ƴar fitilar nan mai jan haske ko kore da yara ke wasa da ita: haska ta ga jirgi na iya ɗauke ganin matuƙi a daidai lokacin sauka.

Jiragen da ke sauka Maraɗi ba su da yawa, saboda haka ka tambayi rana da lokaci a wurin masu sayar da tikiti kafin ku fita. Sannan ka duba iska. Jirgi yana tashi yana kuma sauka ne yana fuskantar iska, don hakan ke rage masa tsawon gudun da yake bukata a ƙasa. Titin jirgin Maraɗi a miƙe yake tsakanin gabas da yamma. Da hunturu iska na kaɗowa daga arewa maso gabas, sai jirgi ya ɓullo ta yamma; da damina ta koma kudu maso yamma, sai ya fi zuwa ta gabas. Wanda ya gane wannan, ko daga soron gidansa ya san inda zai sa ido.

Ka koya masa duba abu uku: fuka-fukan a saman jiki suke ko a ƙasa, injin mai farfela ne ko marar farfela, sai harufan da ke kusa da wutsiya. Jirgin da aka yi wa rajista a Nijar lambarsa na farawa da 5U, na Najeriya 5N, na Faransa F. Farin jirgi mai rubutun UN na Majalisar Ɗinkin Duniya ne, ma'aikatan agaji yake ɗauka, ba a sayar wa jama'a tikitinsa. Waɗanda kuwa ake hangowa can ƙololuwa suna jan farin layi, suna tafiya ne a tsayin kilomita 10 zuwa 12, layin kuma tururin injin ne da ya daskare saboda sanyi. Manhajar Flightradar24 na nuna wasunsu, amma ba duka ba, don na'urorin da ke kama saƙonsu daga ƙasa sun yi ƙaranci a yankinmu. Ka saya masa littafin rubutu ya riƙa sa rana, lokaci, launi da lamba.

Batun tafiya kuma, ta hanyar mota Maraɗi zuwa Yamai kusan kilomita 660 ne, ta Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, wuni guda ke nan. A jirgi mai farfela irin ATR 72, mai kujeru wajen 70 da gudun kusan kilomita 500 cikin awa, tafiyar ba ta wuce awa ɗaya da rabi in babu yada zango.

Lokacin shekara shi ke yanke hukunci fiye da komai. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan rufe gari. Idan matuƙi ba zai hango titi daga tazarar da doka ta gindaya ba, dole a jinkirta ko a soke, wani lokaci jirgin ya iso har saman gari ya juya. A watan Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, iska ta yi shara-shara, injin da fuka-fuki su rasa ƙarfin ɗaukar cikakken nauyi. Dalilin da ya sa ake barin wasu jakunkuna a ƙasa ke nan ko da akwai kujerun da ba kowa. Da damina hadari ya fi tasowa da la'asar zuwa dare. Zafi da hadari amsarsu ɗaya ce in an samu zaɓi: jirgin safe. Shi ne ma ya fi lafawa, don da rana zafin ƙasa na tura iska sama, jirgi ya riƙa tangal-tangal. Kada ka ɗaura wani muhimmin alkawari a Yamai a ranar da za ku sauka, ka bar kwana ɗaya tsakani.

Sunan da ke kan tikiti ya zama daidai da na katinka harafi da harafi, yaron kuma a riƙe masa takardar haihuwa. Ka kira kamfanin ana gobe tafiya, ku isa fili awa biyu kafin tashi, ka kuma tambayi kilon da aka yarda maka tun wurin sayen tikiti. Wuƙa, almakashi, man gyaɗa da manyan kwalaben turare su shiga jakar da za a auna, a ɗaure bakinsu da leda. Batirin cajin waya kuwa a hannu ake riƙe shi, ba a sa shi cikin jakar da za a auna a kai ma'ajiyar kaya ta jirgi, don in ya kama wuta a can babu mai gani. Magani da takardu ma su zauna a hannu.

Ka roƙa wa yaron kujerar taga. A ATR fuka-fukan a sama suke, ba sa tare ƙasa, kujerun baya kuma sun fi ƙarancin ƙara. In da sanyi za ku tafi, ɓangaren dama ya fi a zuwa Yamai, don rana na kudu, wato ta hagunku. Kunne zai toshe, musamman wajen sauka: ya riƙa haɗiyar yawu, ko hamma, ko taunar cingam. Idan yana fama da mura mai toshe hanci, a ga likita kafin tafiya, don ciwon kunnen kan yi tsanani. Ya ci abinci kaɗan marar maiƙo, ɗamarar kujerarsa kuma ta zauna a ɗaure muddin yana zaune.