Filin Tambaya da Amsa: Bot ɗina yana ta maimaita amsa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na haɗa bot na Telegram da Python don karɓar odar kaya a shagonmu na Ƙofar Ƙaura. Duk daƙiƙa yana kiran getUpdates don ɗauko sababbin saƙonni daga Telegram, amma saƙo ɗaya sai ya amsa shi sau goma, wani lokacin kuma ya tsaya da kuskure mai lamba 409. Ina matsalar take? Daga mai karatu, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Maimaicin daga offset yake, wato lambar da kake turawa tare da getUpdates don nuna inda za a ci gaba. Duk saƙon da Telegram ya miƙo maka yana ɗauke da lambarsa, update_id. Ba zai ɗauka ka karɓa ba sai ka sake kira da offset da ya ɗara lambar ƙarshe da ɗaya. In ta ƙarshe 500 ce, tura 501. Muddin ba ka yi haka ba, saƙon zai yi ta dawowa.

Ga kuma abin da mutane ke mantawa. A ce bot ya rubuta oda, kafin ya kai ga kira na gaba aka ɗauke wuta. Da ya tashi, odar nan za ta sake zuwa, ka ɗaure wa mutum ɗaya kaya sau biyu. Saboda haka ka riƙa ajiye kowace update_id da ka gama da ita a SQLite (ƙaramin rumbun ajiye bayanai), in ta sake fitowa ya tsallake ta. Ka sani kuma awa 24 kawai Telegram ke riƙe saƙon da ba a karɓa ba.

Kiran duk daƙiƙa ɓarnar data ce. Sa timeout=30 a getUpdates, layin ya zauna a buɗe har saƙo ya shigo ko daƙiƙa 30 su cika. Sai dai wa'adin da ka ba requests (laburaren Python da ke tura kiran) ya wuce wannan, kamar daƙiƙa 40, kada ya yanke kafin amsa ta iso.

Ita 409 dalili biyu ne: ko kwafi biyu na bot ɗin suna aiki da token ɗaya (makullin sirrin bot ɗin), ko ka taɓa saita webhook (adireshin da Telegram ke tura wa saƙo kai tsaye) ka manta. Duba getWebhookInfo, in da adireshi a ciki kira deleteWebhook.

Tambaya: Malam, na sa bot ɗina a gurup ɗin ajinmu, amma ba ya ganin hirar mutane. Daga ɗaliba, Daura.

Amsa: 'Yar'uwa, tsarin sirri ne a kunne. Je wurin BotFather, wato bot ɗin Telegram da ake ƙirƙira da saita bot da shi, tura /setprivacy, zaɓi Disable, sannan ki fitar da bot ɗin ki sake shigar da shi. Ki sanar da 'yan ajin cewa yanzu yana karanta duk abin da suka rubuta, haƙƙinsu ne su sani.