Tambayi Likita: ƙafar mai ciwon suga

Daga Bukuru: Dakta wai cin acha yana warkar da suga?

Ba ya warkarwa Malam. Abinci ne mai kyau amma in ka cika kwano sugan zai hau. Ci daidai, kar ka ajiye maganinka.

Daga Anguwan Rogo: Saboda sanyi ina ɗumama ƙafa a kaskon wuta, da matsala?

Sosai ma. Ƙafar da suga ya kashe wa jijiyoyi sai ta ƙone ba ka sani ba. Ka sa safa.

Daga Rikkos: Mamanmu shekara 12 da suga, ƙafarta ɗaya ta kumbura ta yi ja, ta ɗau ɗumi, ba miki kuma ba ta mata ciwo sosai. An ce sammu ta taka, mai ɗori na mata gashi yana ja.

'Yar'uwa don Allah a tsayar da gashin nan yau, ba gobe ba. Abin da kika faɗa ya yi kama da ciwon da muke kira ƙafar Sharko, sunan wani likitan Faransa ne. Jijiyoyin ji sun mutu, sai ƙashi ya ɗan tsage Mama ba ta ji ba ta ci gaba da takawa, kumburi ya taso, shi kuma kumburin ke zuga ƙwayoyin da aikinsu cinye tsohon ƙashi su yi ta ci fiye da yadda jiki ke gina sabo, ƙashin ya yi laushi har tsakiyar tafin ƙafar ya rufta. Daga nan sai gyambo, in ƙwayar cuta ta kai ƙashi ana iya zuwa ga yanke ƙafa.

To ƙashin da ke narkewa shi ake murzawa ana ja? Wallahi abin nan na ɓata min rai. Balle a kai ta wanzami ya yi tsaga, an buɗe wa cuta ƙofa kenan.

Rashin ciwon shi ke yaudarar mutane. Ku kai ta JUTH, wato Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ko asibitin Plateau Specialist, kuma a ɗauke ta, kar ta taka. Hoton ƙashi na farko yana iya fitowa lafiya lau, kar ku ce shikenan, wani lokacin sai hoton cikin jiki da ake kira MRI ke nunawa. Magani shi ne a sa siminti a hana ƙafar ɗaukar nauyi, watanni ake yi ana canzawa, tare da saita suga.

In zazzaɓi ya shigo, ko wari, ko yatsa ya fara baƙi, ko da tsakar dare ne ku tafi asibiti. Ɗaya ƙafar ma a riƙa duba ta kullum har tsakanin yatsu.