Yaro mai shan inna a darasin motsa jiki: a zaunar da shi ko a sa shi a wasa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin firamare ne, ina koyar da motsa jiki a aji biyar. Ɗalibaina sun haura saba'in. Cikinsu akwai yaron da shan inna ta taɓa masa ƙafa ɗaya, da sanda yake tafiya, da wata yarinya da ba ta gani sosai. Idan muka fita fili nakan ce su zauna a inuwa su tsare mana jakunkuna, wani lokaci in ba yaron usur ya zama alƙalin wasa. Tsoro nake kada su ji rauni a ce ni ne sanadi, kuma ina ganin za su hana sauran yara sakewa. Wani abokin aikina ya ce zaluntarsu nake. Me masu bincike suka gano a kan wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka da alheri da ka tambaya, domin malamai da yawa suna yin abin da kake yi ba tare da ya taɓa damunsu ba. Ba zan ce maka azzalumi ba, tausayi ne ya sa ka. Amma gaskiya inuwar nan tana cutar da yaran, kuma binciken da aka yi ya goyi bayan abokin aikinka fiye da kai.

Mu fara da tsoron rauni, tunda shi ne babba. Kafin yaƙin duniya na biyu, likitoci ma haka suke tunani: wanda lakarsa ta taɓu a kwantar da shi kawai, kuma yawancinsu ba sa daɗewa suke rasuwa. A 1944 wani likita Bajamushe, Ludwig Guttmann, ya buɗe sashen kula da irin waɗannan majinyata a asibitin Stoke Mandeville da ke Ingila, ya sa wasa ya zama cikin magani. Ranar 29 ga Yuli 1948 majinyata 16 suka yi gasar harbin baka daga kan kekunansu. Daga nan aka kai ga gasar nakasassu ta duniya ta farko a Rum a 1960. A 2020 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin motsa jiki da suka haɗa da masu nakasa a karon farko, ta ce yaro mai nakasa yana buƙatar abin da kowane yaro yake buƙata, wato kimanin minti 60 a rana na motsi mai sa numfashi ya ɗaga, kuma amfaninsa ya rinjayi haɗarinsa idan an daidaita shi da ƙarfin yaron. Yaronka da ke dogara sanda, kafaɗunsa da hannuwansa da bayansa su ne jarinsa har tsufa. Idan ya saba da zama ƙiba ta shigo, tafiyar ma sai ta gagare shi.

Sai batun hana sauran yara sakewa. Wannan an auna shi sau da dama. Martin Block da Iva Obrusnikova a Amurka sun tattara binciken shekara goma, daga 1995 zuwa 2005, suka wallafa a 2007. Abin da ya fito shi ne idan an tsara darasi da kyau kuma akwai tallafi, shigar yaro mai nakasa ba ta rage wa 'yan ajinsa abin da suke koya. Sai dai sun gano wani abu da ya fi damuna: yaran suna cikin fili, amma sau da yawa su kaɗai suke, ba mai jefa musu ƙwallo, ba mai zaɓensu.

A nan nake so ka tsaya da kyau, Malam, domin kada ka tashe su daga inuwa ka kai su wata inuwar a tsakiyar fili. A shekarar 2000 wasu masu bincike biyu a Kanada, Donna Goodwin da Jane Watkinson, suka yi abin da ba a cika yi ba a lokacin: maimakon su tambayi malamai, sai suka zauna da yara tara 'yan firamare masu nakasar jiki suka saurare su. Yaran suka raba darasin motsa jiki gida biyu, ranaku masu daɗi da ranaku marasa daɗi. Rana mai daɗi ita ce wadda yaro ya ji shi ma ɗan ƙungiya ne, ya nuna abin da ya iya, ya amfana kamar kowa. Marar daɗi ita ce wadda aka ware shi, ko aka yi shakkar iyawarsa, ko aka taƙaita masa abin da zai yi. Ka duba usur ɗin nan a kan wannan ma'auni. Idan alƙalanci zagayawa yake, yau wannan gobe wancan, to girmamawa ne. Idan kullum shi ne, shi da 'yan ajin duk sun san dalili. Justin Haegele, wanda ya yi hira da manya makafi a kan abin da suke tunawa na makaranta, ya daɗe yana jan hankali cewa tara yara wuri ɗaya ba shi ne haɗa su ba, abin da yaron ya ji a ransa shi ne shaida. Ni ma ina kan wannan ra'ayi.

To yaya ake yi? Ba yaron ake gyarawa ya dace da wasa ba, wasan ake juyawa. Masu horar da malamai a Ingila sun taƙaita shi a abubuwa huɗu da malami yake da iko a kansu: fili, aikin da za a yi, kayan wasa, da yadda aka haɗa mutane. Misali a ƙwallon hannu, ka ja wa yaronka wani yanki kusa da raga inda ba mai shiga ya ture shi, ka sa doka cewa sai ƙwallo ta bi ta hannun kowane ɗan ƙungiya kafin a ci. Ko ka sa kowa ya zauna ƙasa a buga ƙwallon raga, wadda wasa ce ta gaske da ake gasarta a duniya, kuma za ka yi mamakin wanda zai fi kowa zafin nama. Ita yarinyar, ƙwallo mai launi mai haske, ko wadda aka ɗaure a leda tana ƙara, ko gwangwani da tsakuwa a ciki, sun ishe ta bin sawu. Wurin gudu ta riƙe bakin igiya gajera, ƙawarta ta riƙe ɗaya bakin. Kuma ka daina cewa "ku yi haka" kana nunawa da hannu. Ka faɗa da baki, ka kira sunanta kafin a jefa mata. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Langa ma ai doka ce aka kafa cewa kowa da ƙafa ɗaya zai yi, kuma ba wanda ya ce ta rage daɗi.

Dole in faɗa maka cewa yawancin binciken nan a Amurka da Kanada da Turai aka yi shi, a azuzuwan da ba su kai rabin naka ba, wasu har da mataimakin malami. Abin da ya fi dacewa da aji mai saba'in shi ne koyarwar ɗan'uwa ga ɗan'uwa. Cathy Houston-Wilson da Lauren Lieberman da abokan aikinsu sun nuna tun 1997 cewa idan aka horar da 'yan aji yadda za su koya wa ɗan'uwansu mai nakasa, iyawarsa tana ƙaruwa, kuma horarwar ita ce ke kawo bambancin, ba haɗa su kawai ba. Ka zaɓi yara uku ko huɗu masu son yi, ka koya musu su faɗa, su nuna, su jira, sannan su yaba da takamaiman abin da aka yi daidai. Jiran shi ne mai wuya. Goodwin ta sake wani bincike a kan taimako kansa, yaran suka ce akwai taimakon da ke ƙara musu ƙarfin gwiwa, akwai wanda ke ƙwace musu wasan, kamar a ture maka keke ba ka nema ba. Don haka ka koya musu su tambaya tukuna. Ka raba ajin rukuni-rukuni, kowane rukuni da aikinsa, domin a layi mai tsawo idon kowa yana kan wanda ya makara.

Ka kuma sani haƙƙi ne, ba alfarma ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa, wadda Nijeriya ta amince da ita, ta ambaci wasa a makaranta ƙarara a sashe na 30, kuma dokar hana nuna musu bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 tana nan. Ka ba yaronka labarin Misbahu Lawan Didi, ɗan Kano da shi ma shan inna ta taɓa, wanda ya ƙirƙiro ƙwallon guragu da ake bugawa da hannu. Ka gaya masa a gasar nakasassu ta duniya da aka yi a birnin Riyo a 2016 'yan wasan Nijeriya masu nakasa sun ɗauko zinare takwas, mafi yawa a ɗaga ƙarfe.

Kafin darasi na gaba ka ga iyayensu, ka ji ko akwai abin da likita ya hana. Ƙafar da shan inna ta raunana ba a matsa mata har ta gaji liƙis, kuma wasu ciwukan ido ba sa son bugu a kai ko a fuska. Idan akwai mai sikila ko farfaɗiya a ajin, su ma ka tambaya, ka kula da ruwan sha da zafin rana. Sannan ka kira yaran biyu ɗaya bayan ɗaya, ba a gaban aji ba, ka tambayi kowanne wasan da yake sha'awa da abin da ba ya so a yi masa. Watakila ranar farko su ƙi tashi, saboda sun saba da wurin jakunkunan. Ka fara da wasan da ake yi bibbiyu, ka bar su su zaɓi abokin yi da kansu.