An kama ɗana da tramol: gidan kaso ko asibiti?

Tambaya: Ɗana mai shekara 22 yana hannun ƴan sanda da ƙwayar tramol. Sha yake, ba ya saidawa. Akwai hanyar da za a yi masa magani a maimakon ɗauri? Daga wata uwa, Tawa.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Hanya akwai, amma alƙali ne ke yanke ta. Dokar Nijar mai lamba 99-42 ta shekarar 1999 ta fi tsananta wa mai fatauci kan mai sha, kuma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan miyagun ƙwayoyi ta 1988 ta yarda a sa mai sha magani a madadin hukunci. Ki nemi lauya tun kafin ranar shari'a, a samo takardar likita mai nuna yaron ya kamu da jarabar ƙwayar, da shaidar wurin da zai karɓe shi don magani. Da su lauya zai roƙi sassauci, kamar ɗaurin talala. Alkawarin baki cewa "ya tuba" ba ya da nauyi gaban kotu.

Maganin ne ya fi damunmu. Likita ba ya wuce miligiram 400 na tramol a yini, alhali ƙwaya ɗaya ta kasuwa kan kai 225, wasu kuma su zuba huɗu ko biyar cikin kofi. Daga nan farfaɗiya ke zuwa. Wanda ya saba haka, in aka yanke masa lokaci guda, kafin kwana ɗaya zai fara gumi, gudawa, ciwon gaɓoɓi da rashin barci, abin ya tsananta a kwana na 2 zuwa 3. Shi ya sa ake ragewa sannu a hankali a hannun likita. Sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa a Yamai yana duba irinsu. Don Allah kada a ɗaure shi da mari, sarƙa ba ta cire ƙwaya daga jini.

Wanke jiki mako guda ne, ƙishin ƙwayar kuwa watanni yake ɗauka. Sai da ganin likita a kai a kai, da sana'a, da raba shi da tsohuwar fadarsu ta abokan shaye-shaye. In ma an ɗaure shi, ki sa ido sosai a makonni 2 na farko bayan fitowarsa: jiki ya manta sabo, adadin da yake sha da can yana iya tsayar masa da numfashi.