Amsa ga mai niyyar zuwa Accra da tsohuwar Hiace

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka kan Hiace 'yar 1998 da aka shigo da ita daga Turai, wadda aka yi wa gado da murhun gas a ciki, ko za ta iya kai ka da iyali daga Kano zuwa Accra ta dawo. Na yi wannan tafiya a 2018 da tawa, 'yar 1997 mai injin dizil 3L, don haka bari in faɗa maka abin da na gani.

Za ta iya. Amma abin da ya fi burge ka game da ita, wato ba ta ci hanya da yawa ba, shi ne ya fi ba ni tsoro. Irin waɗannan motocin a can lokacin hutu kawai ake fito da su, sauran watanni suna ajiye. Ƙarfe yana jure zama, roba kuwa ba ta jurewa. Tiyo yana bushewa, bel yana tsattsagewa, taya tana ruɓewa ta ciki alhali zanenta sabo fil. Ni na fi yarda da bas ɗin da ke lodin Kano zuwa Zariya kullum, domin duk lalurar da ke jikinta ta riga ta bayyana.

Abin da ya same ni ke nan bayan Lokoja, a hawan da ke kai wa Okene. Tiyon ƙasan lagireto ya tsage, kuma kafin mu taso na duba shi da ido na ga lafiya lau. Allah ya taimake ni idona na kan allurar zafi, na gangara gefe na kashe. Da na ƙara ko kilomita biyu, da gasket ya ƙone. Injin irin tawa Hiace yana ƙarƙashin kujerar gaba ne, ba za ka ga tururi yana tashi a gabanka da wuri ba, allurar nan ce kaɗai mai gaya maka gaskiya. Mun yi awa biyar a bakin titi da yara, ana ta cigiyar tiyo.

Saboda haka kada ka tsaya duba su, canza su duka: tiyoyi, fanbel, murfin lagireto, famfon ruwa. A wanke lagireto a zuba ruwansa na gaske, ba ruwan rijiya ba. Idan bakanike ya ce zai cire maka tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, wai don ƙasarmu da zafi, kada ka yarda, a sa sabo. Sannan ka tambayi wane inji ne a ciki. In 3L ne ko 5L, taimin bel gare su, wato bel ɗin da ke daidaita buɗewa da rufewar bawul a cikin inji, kuma idan ya tsinke kana gudu sai ya lanƙwasa bawul. Tunda ba ka san ranar da aka sa na ciki ba, ka ɗauka lokacinsa ya yi. Mai fetur 2RZ sarƙa gare shi, wannan damuwar ba ta shafe shi ba.

Taya kuma, dubi lambobi huɗu na ƙarshe da ke gefenta. In ka ga 2315, an yi ta ne a mako na 23 na 2015. Wadda ta haura shekara shida ba na ɗora iyalina a kanta, har da safaya. Ka tuna katakon gado da tankin ruwa nauyi ne da motar ke ɗauke da shi tun kafin kowa ya shiga.

Inda ka yi dace shi ne Hiace ce. Kayanta na nan a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, suna nan a Ladipo ta Legas, suna nan a Abossey Okai ta Accra. Duk da haka ka riƙe tiyo da bel da matatar mai a mota.

Bayan gyara, kada tafiyar farko ta zama ta Accra. Loda ta kamar yadda za ku tafi, ka je Jos ka dawo. Hawan nan zai tona duk abin da ya rage.

Takardu: inshorar ECOWAS da ake kira Brown Card, katin rigakafin shawara na kowa, da takardun mota na asali, za a nema a kan iyakokin Seme (shiga Benin) da Hilakonji (shiga Togo) da Aflao (shiga Ghana). Ka rufe tukunyar gas kafin ka tayar da mota, kuma kada a yi girki a ciki ƙofa rufe. Tafiyar dare kuwa, don Allah ka bar ta. Mu la'asar sakaliya muke tsayawa, mu kwana a harabar masauki mai mai gadi.

Ɗauko hoton injin da na gefen tayoyin ka turo, sai in gaya maka da wanne za ka fara. Allah ya kai ku lafiya.