Ga 'yar'uwar da jijiyar wankin ƙodar mahaifinta ta sake tsukewa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Na karanta tambayarki sau biyu: wata biyar da suka wuce kun kai shi Yawunde an buɗa masa jijiyar fistil (jijiyoyin hannu biyu da ake haɗawa don wankin ƙoda) da balan-balan, wato ɗan ƙaramin balo da ake zurawa cikin jijiya a hura, yanzu malaman asibiti sun ce ta sake tsukewa, kina tambaya ko aikin ne ba a yi da kyau ba, ko ku haƙura ku bar shi a kan katetar wuya, robar da ake zurawa a jijiyar wuya don yin wankin. Shekarata shida ina wankin ƙoda a nan Garwa, sau biyu a mako, awa huɗu-huɗu, kuma tawa jijiyar sau biyu tana yi mini haka.

Ki fara cire zargi daga ranki. Ni ma da aka ce tawa ta koma bayan wata bakwai, sai da na kwana ina lissafin kuɗin mota zuwa Ngaundere da na jirgin ƙasa zuwa Yawunde, ina jin an cuce ni. Likitan da ya duba ni ne ya zaunar da ni ya warware mini. Jijiyar da ke mayar da jini zuciya siririn bango gare ta, an halicce ta don jini mai tafiya a hankali. Da aka haɗa ta da mai kawo jini daga zuciya, sai jini ya riƙa dukanta da ƙarfi dare da rana, ga allura biyu manya a kowane wanki. Don ta kare kanta, bangonta na ciki yakan yi kauri, kamar yadda tabo ke tudu bayan miki ya warke, hanya ta ƙuntace. Balan-balan yana buɗa wurin ne ta hanyar tsaga wannan kaurin, wato shi kansa sabon rauni ne, jiki kuma ya sake yin tabo. Ya ce kusan rabin waɗanda aka yi wa, kafin shekara ta zagayo sai an sake taɓa wurin, ko a Faransa aka yi aikin. Tun 1966 da likitoci a Amurka suka fara wannan haɗi ake fama da matsalar.

Abin da nake so ki riƙe da hannu biyu shi ne tsukewa daban, toshewa daban. Wadda ta tsuke ana iya sake buɗa ta. Wadda jini ya daskare a cikinta, idan aka yi kwanaki, sau da yawa sai dai a nemi wani wuri, wuraren kuwa ƙidayayyu ne a jikin mutum. Saboda haka kowace safiya bayan sallar asuba nakan ɗora yatsu uku a kan fistil. Mai lafiya za ki ji tana kaɗawa a hankali ba yankewa, kamar waya tana girgiza a aljihu. Idan kaɗawar ta koma bugu mai ƙarfi, ɗif-ɗif, ko kin kara kunne kin ji sautin ya koma siririn fito, to akwai inda ya matse. Ki sa Baba ya ɗaga hannun sama da kansa: ya kamata jijiyar ta lafa, in ta tsaya a kumbure tauri, hanyar fitar jinin ta ƙuntace. Ki lura kuma da jinin da ya ƙi tsayawa minti 20 bayan cire allura, da injin wankin da ke yawan kuka, da kumburin hannu. Ni jinin nan ne ya fara nuna mini a karo na biyu, na faɗa da wuri, aka yi hoton doflar, wanda ke nuna yadda jini ke gudana a jijiya, aka same ta ba ta toshe ba. Ranar da kuka taɓa kuka ji shiru kuwa, ranar za ku tafi asibiti, kada ku jira ranar wanki.

Maganar katetar, don Allah kada ku mai da ita wurin zama. Na san tana da sauƙi, babu sukar allura. Amma ƙofa ce a buɗe daga waje har kusa da zuciya. A ɗakin wankinmu na ga mutane suna rawar sanyi a kan inji saboda ƙwayar cuta ta bi ta nan ta shiga jini, wasu ba su tashi ba. Kuma idan ta daɗe, ita ma tana tsuke manyan jijiyoyin ƙirji, har hannu da fuska su kumbura, ta ɓata wurin da za a yi sabon fistil gobe.

Ki tambayi likita a ina daidai ta tsuke, don maganin ya danganta da wurin. Tawa kusa da mahaɗar wuyan hannu ce, bayan balan-balan na biyu sai aka yi ƙaramar tiyata aka matsar da mahaɗar sama kaɗan, shekara biyu ke nan ina amfani da ita. Akwai kuma balan-balan mai shafe da magani da ke rage saurin tabon, ya fi tsada, ba ya hana dawowa gaba ɗaya. Ki tambaya kuma abin da ke kanku na kuɗi kafin ku kama hanya. Sefa 15,000 na shekara da gwamnatin Kamaru ta kawo a 2023 na zaman wankin ne, kuɗin hanya da masauki daga aljihunmu suka fito.

A gida kuwa, kada a auna masa hawan jini ko a ɗebi jini a wannan hannu, kada ya kwanta a kansa, ba agogo ba matsattsen hannun riga. Ki roƙi malaman cikin ladabi su riƙa sauya wurin suka, kada a yi ta haƙa wuri ɗaya. Zafin Maris da Afrilu na nan tafe, ya wuce digiri 40. Gudawa ko amai ko jiri bayan wanki suna sa jini ya faɗi, a nan fistil mai tsukewa ke mutuwa, sai ku sanar da su nan take.

Ku karɓi takardar aikin farko da hotunanta ku tafi da su. In an yi doflar, ki rubuto mana abin da ya nuna.